Landan da Aljihun Ɗalibi: Inda Lissafi Yake Karyewa

Bahaushe ya daɗe da sanin Landan ta kunne. Tun daga 1957, lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shiryensa, sunan birnin yake shiga zaure da shago da teburin mai shayi safe da yamma, har ya zama kamar sunan wani gari ne da ke gaba da Zariya kaɗan. Ginin Bush House, wanda muryoyin nan suka yi shekara da shekaru suna fitowa daga cikinsa kafin BBC ta tashi daga wurin a 2012, yanzu yana hannun jami'ar King's College, kuma ba abin mamaki ba ne a yau a tarar da jikan wanda ya riƙa kara rediyo a kunne yana ɗaukar darasi a cikinsa. A shekarar karatu ta 2022/2023 ɗaliban Najeriya da ke jami'o'in Birtaniya sun haura 70,000, babu waɗanda suka fi su yawa cikin baƙi sai 'yan Indiya da 'yan Sin. Wani kaso daga cikinsu Landan suka nufa, kuma da yawa ba 'ya'yan masu hannu da shuni ba ne. Akwai wanda sai da aka sayar da filin gado kafin ya tashi, akwai wanda dangi suka yi wa karo-karo, akwai kuma wanda ya sami tallafin da ya biya kuɗin makaranta kaɗai, ya bar masa ɗawainiyar ci da sha da makwanci.

Cewa Landan tana da tsada ba labari ba ne, ko wanda bai taɓa hawa jirgi ba ya sani. Abin da ba a cika fahimta ba shi ne yadda tsadar take kama mutum. Mai shirin tafiya yakan zauna da takarda da biro ya yi lissafin wata-wata: haya kaza, cefane kaza, kuɗin mota kaza, sa'an nan ya ɗora abin da yake sa ran samu daga ɗan aikin da zai riƙa yi, ya ga lissafin ya kusa tashi daidai, sai hankalinsa ya kwanta. A ganina wannan lissafin shi ne yake kai mutane ya baro, ko da kuwa kowane adadi da ke cikinsa gaskiya ne, domin ya bar abubuwa biyu a waje. Birnin yana karɓar mafi nauyin kuɗinsa ne a bakin ƙofa, a dunƙule, kafin baƙo ya sami ko kwabo a cikinsa. Sa'an nan duk wata araha da ke cikinsa da lokaci ake sayenta, alhali lokacin nan shi ne jarin da ɗalibi ya zo da shi domin karatu.

Mu fara da adadin da gwamnatin Birtaniya da kanta ta gindaya. Daga 2 ga Janairu zuwa Nuwamban 2025, an buƙaci wanda yake neman bizar karatu a Landan ya nuna yana da fam 1,483 na kowane wata har na tsawon wata tara, wato fam 13,347, ban da abin da ya rage masa na kuɗin makarantar shekarar farko. Wanda zai je wani gari daban fam 1,136 aka nema a wurinsa. Kafin Janairun 2025 adadin Landan fam 1,334 ne, kuma ana ci gaba da ɗaga shi lokaci zuwa lokaci. Kuɗin kuma sai sun yi kwana 28 a jere a asusun banki ba tare da sun ragu ba. Iyalai da yawa suna ɗaukar wannan adadi tamkar hukuma ce ta auna ta ce ga abin da zai ishi mutum, amma asalinsa daban ne: an ɗaure shi ne da mafi girman rancen ɗawainiya da gwamnati take bai wa ɗalibi ɗan ƙasa mai karatu a Landan, wanda a shekarar 2024/2025 ya tsaya a fam 13,348. Shi kuwa ɗan ƙasa yana da gidan iyayen da zai koma lokacin hutu, babu wanda ya ƙayyade masa awannin aiki, kuma duk da haka ƙungiyoyin ɗalibai sun daɗe suna kukan cewa rancen ba ya kai su ƙarshen zango. Baƙon da ya zo digiri na biyu wata 12 cur zai yi, ba tara ba. Idan aka raba fam 13,347 gida 12, abin da zai tashi da shi a wata bai wuce fam 1,112 ba, a birnin da matsakaicin kuɗin hayar ɗaki guda a gidan haɗaka yake kusan fam 1,000 a 'yan shekarun nan. Wannan ma ga wanda kuɗin nasa ne ke nan. Sanannen abu ne cewa wasu aron kuɗin suke yi, a zuba musu a asusu su cika kwanakin nan, biza ta fito a mayar wa mai su. Dabarar tana iya buɗe ƙofa, amma ba ta raka mutum ciki, kuma wanda ya shiga ta wannan hanya ya sauka ne da bashin godiya da aljihu wayam.

Kafin ma a kai ga sauka, akwai kuɗaɗen da ba sa cikin lissafin wata-wata domin sau ɗaya ake biyansu. Kuɗin biza ya kai fam 524 a Afrilun 2025. Akwai harajin kula da lafiya da ake karɓa daga baƙi, wanda aka ɗaga wa ɗalibai daga fam 470 zuwa 776 a shekara a Fabrairun 2024, kuma tun da bizar mai karatun wata 12 tana zarce shekara da 'yan watanni, na shekara ɗaya da rabi ake caje shi, wato fam 1,164, a biya gaba ɗaya tun ana gida. Ga gwajin tarin fuka da aka wajabta wa masu tasowa daga Najeriya, ga tikitin jirgi a watan Satumba lokacin da kowa yake tafiya, ga kafin alƙalami na kuɗin makaranta da jami'o'i da yawa suke nema kafin su ba da takardar da ake neman biza da ita. Kuɗin makarantar kansa, ga baƙo mai digiri na biyu a Landan, yakan kama daga wajen fam 15,000 zuwa sama da 30,000 gwargwadon jami'a da fanni. Duk wannan an kashe shi mutum bai taka filin jirgin saman Heathrow na Landan ba.

Amma inda gizo yake saƙar shi ne makwanci, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau. A al'adarmu matafiyi ba ya fargabar inda zai kwana a daren farko. Fatake sun san zango da fatoma, almajiri ya san tsangaya, kuma har gobe saurayin da ya sauka Agege ko Sabo ta Ibadan zai sami wanda zai ce masa ga tabarma, a kwana biyu a ga abin da hali zai yi. Landan ba ta da wannan sarari. Ɗan'uwan da kake taƙama da shi shi ma ɗaki guda yake haya, kuma yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta hana shi ajiye baƙo na tsawon lokaci, ga kuma abokan zama da suke raba kicin da banɗaki da shi, waɗanda ba su san wani abu wai shi haƙƙin baƙunta ba. Zai iya ɗaukarka mako ɗaya ko biyu, daga nan kuma kai da kanka za ka fara jin nauyi. Saboda haka neman ɗaki yakan zama aikin gaggawa, kuma mai gaggawa ba ya ciniki.

Dokar Ingila ta 2019 a kan kuɗaɗen da ake karɓa daga 'yan haya ta hana dillalai cajin la'adar da suka saba, ta kuma ƙayyade kuɗin ajiya kada ya wuce hayar mako biyar, tare da sharaɗin da ya riga ya kasance cewa a sa shi a wani asusu na musamman da hukuma ta amince da shi, domin kada mai gida ya cinye. Wannan kariya ce ta gaske, kuma ya kamata ɗalibi ya san da ita. Sai dai matsalarsa a wani wuri take. Mai gida yana son wanda zai tsaya wa ɗan haya, mutum mazaunin Birtaniya mai albashi sananne, wanda za a kama idan haya ta maƙale. Ɗan ƙasa mahaifinsa zai rubuta. Baƙo ba shi da kowa, ba shi da tarihin biyan bashi a ƙasar, ba shi da takardar albashi. Abin da aka saba yi masa shekara da shekaru shi ne a ce ya biya hayar wata shida, wani lokaci ma ta shekara, a gaba, ko kuma ya je ya biya wani kamfani da sana'arsa ke nan ya tsaya masa. A ɗauka ɗaki ne na fam 900 a wata. Wanda yake da mai tsaya masa zai shiga da kimanin fam 1,940, hayar wata guda da kuɗin ajiya. Wanda ba shi da shi kuma aka nemi wata shida, sai ya ajiye sama da fam 6,400, kusan rabin duk abin da ya nuna wa ofishin biza, a mako na farko. Ɗaki ɗaya ne, farashi ɗaya ne a takarda, amma nauyin shigarsa ya ninka fiye da sau uku a kan wanda ya fi rauni. Sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya da aka zartar a ƙarshen 2025 ta nufi hana karɓar hayar watanni da yawa a gaba, kuma niyyar mai kyau ce, amma tun ana muhawara a kanta masu lura suka nuna wani gefen: idan aka hana mai gida karɓar kuɗi a gaba kuma baƙo ba shi da mai tsaya masa, abu mafi sauƙi ga mai gida shi ne ya ba wani ɗakin.

Wanda ƙofar gaba ta gagare shi ta baya yake bi, kuma ta bayan tana da nata farashin. Akwai ɗakin da ake samu ta WhatsApp ba takarda ba shaida, akwai falon da aka gitta wa katako aka mayar ɗaki, akwai mutum uku a inda aka gina domin ɗaya. Wanda yake zaune a gida ɗaya da mai gidan kuwa, doka ba ta ba shi irin kariyar cikakken ɗan haya ba, ana iya sallamarsa da ɗan gajeren wa'adi. Ga kuma 'yan damfara da suke sa hotunan ɗakin da ba nasu ba a intanet, su karɓi kuɗin kamu daga wanda yake Kaduna bai ga komai da idonsa ba. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rashin takardar haya yana jawo wasu rashin: banki yana son shaidar adireshi kafin ya buɗe asusu, mai ɗaukar aiki yana son asusu kafin ya biya albashi. Shi ya sa ɗakunan kwanan jami'a, duk da cewa farashinsu a mako yana firgita mutum, sau da yawa su ne suka fi araha idan aka haɗa komai, domin wuta da ruwa da ɗumama ɗaki da intanet suna ciki, kuma galibi ba a neman mai tsaya wa mutum. Illarsu ita ce ba su da yawa, kuma wanda bizarsa ta makara yakan tarar an rabe su.

Daga nan sai batun nisa. An kasa Landan zobe-zobe domin kuɗin jirgi, daga shiyya ta 1 a tsakiya zuwa ta 6 da abin da ya zarce a gefe. Manyan jami'o'in suna tsakiya: UCL da SOAS, wadda ta daɗe da suna wajen nazarin Hausa, suna Bloomsbury, LSE da King's suna kusa da Strand, Imperial tana South Kensington, unguwannin da ko ma'aikaci mai albashi mai kyau ba ya mafarkin zama. Ɗalibi marar ƙarfi sai ya gangara gabas ko kudu, irin su East Ham da Ilford da Barking da Dagenham da Woolwich da Thamesmead, inda haya take da ɗan dama-dama. Abin da ya rage a haya kuwa jirgi yana jiransa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ƙara kuɗi gwargwadon yawan shiyyoyin da aka ratsa, yana kuma ƙara tsada a lokutan cunkoso, daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da kuma 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki, wato daidai lokacin da lakca take kiran mutum. Katin Oyster na ɗalibai, wato katin biyan kuɗin jirgi da bas, yana rage kashi 30 cikin ɗari a tikitin mako ko na wata, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne, amma sai an kammala rajista a makaranta ake samunsa. Bas ita ce motar talaka, domin kuɗinta ɗaya ne ko ina za ka, fam 1.75 a farashin 2025, kuma duk wadda ka sake hawa cikin awa guda kyauta ce. Sai dai tafiyar da jirgi yake yi a minti 35 bas tana iya cin awa ɗaya da rabi a kanta. Wanda ya zaɓi ɗaki mai nisa da bas ya sayi arahar ne da awa uku a kowace rana, awa 15 a mako, kuma waɗannan awannin daga laburare aka ciro su ko daga barci.

To, ai sai a yi aiki, in ji mai lissafi. A nan ne ya kamata a yi lissafin da gaske. Bizar ɗalibin digiri ta yarda da aikin awa 20 a mako lokacin da makaranta take ci, kuma makon daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga shi, ba a yarda a yi 30 a wannan mako a rama da 10 a na gaba ba. Mafi ƙarancin ladan da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ga wanda ya kai shekara 21, fam 10 kuma ga mai shekara 18 zuwa 20. Idan mutum ya sami awanninsa 20 cif kowane mako ba fashi, fam 244 ke nan a mako, kimanin fam 1,058 a wata. Wanda bai kai 21 ba abin da zai samu bai kai fam 870 ba. Wato ko an dace da komai, iyakar abin da doka ta yarda ɗalibi ya samu bai kai abin da ita kanta hukumar ta ce yana buƙata a wata ba, kuma ba kuskure aka yi ba, haka aka tsara: aikin ƙari ne, ba a gina shi ya ɗauki mutum ba, balle ya biya kuɗin makaranta. Kuma ba kasafai ake dacewa da komai ba. A watan Satumba da Oktoba dubban sababbin ɗalibai ne suke bin gurbi ɗaya a shagunan sayar da kaya da gidajen abinci da rumbunan ajiya da gidajen kula da tsofaffi, kuma samun na farko yakan ɗauki makonni ko watanni. Yawancin irin waɗannan ayyuka ba su da tabbacin awanni, wannan mako a kira ka sau huɗu, na gaba sau ɗaya. Musulmin da yake ƙyamar ɗaukar giya ko naman alade ya ƙara rage wa kansa gurabe. Bizar kuma ta haramta sana'ar kai, wanda ke nufin kai saƙon abinci a keke ta manhajojin waya, abin da mutane da yawa suke hange daga gida, ba ya halatta gare shi. Hutun bazara ma da ake sa rai a yi cikakken aiki, jami'o'i da dama suna lissafa shi cikin zangon karatu ga mai digiri na biyu, domin lokacin rubuta kundin bincike ne.

Wanda ya matsu yakan zarce awannin a ɓoye, a biya shi a hannu ƙasa da ƙa'ida, kuma daga ranar ya zama ba shi da bakin kai ƙara, domin mai aikin ya san sirrinsa. Ko bai karya doka ba, wanda ya kwana yana jera kaya a rumbu ya wuce aji da safe jikinsa ne kawai yake wurin. Jami'a kuwa dole ne ta sa ido a kan halartar ɗaliban da ta ɗauki nauyin bizarsu, kuma idan ta janye hannunta, saboda fashin aji ko saboda bashin kuɗin makaranta, hukumar shige da fice takan rage wa mutum wa'adi zuwa kwana 60. Bizar kuma ɗauke take da sharaɗin cewa ba shi da haƙƙi a tallafin gwamnati na gidaje ko na marasa ƙarfi. Wannan ita ce sarƙar da ta bambanta baƙo da ɗan ƙasa: shi ɗan ƙasa idan kuɗi ya yanke masa yana iya jingine karatu ya dawo baɗi, baƙo kuwa kuɗinsa da karatunsa da izinin zamansa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in ta tsinke a wuri guda duka suke zubewa.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin wani nauyin da ba Landan ce ta ɗora shi ba. Kashewarsa da fam ne, amma tushen kuɗinsa naira ce. Kafin Yunin 2023 iyaye suna iya cika Fom A, takardar neman canjin kuɗin ƙasashen waje, a banki su sami kuɗin makaranta a farashin gwamnati, lokacin da fam ɗaya bai kai naira 600 ba, ko da yake ana shan jira. Da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a wannan watan, sai ta yi ta gangarawa, har fam ya kai naira 2,000 a cikin 2024. Fam 1,000 da mahaifi yake haɗawa da ƙasa da naira 600,000 ya koma miliyan biyu, alhali albashinsa ko cinikin shagonsa bai ninka ba. Waɗanda abin ya fi dokewa su ne waɗanda suke tsakiyar karatu, sun yi alƙawarin biya kashi-kashi da tsohon lissafi. A Mayun 2024 kafafen yaɗa labarai sun ba da rahoton ɗaliban Najeriya a wata jami'a ta arewa maso gabashin Ingila da aka dakatar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta, aka kuma umarce su da barin ƙasar, kuma wannan a garin da rayuwa ba ta kai tsadar Landan ba. Canjin yana kuma yaudarar 'yan gida ta ɗaya gefen. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, naira 70,000 tun Yulin 2024, a wannan farashi kimanin fam 35 ne, abin da ɗalibi yake samu a aikin awa uku. Wanda yake gida ya buga wannan lissafin a waya ba zai taɓa yarda cewa yaron da yake Landan yana kwana da yunwa ba, sai ma ya fara turo masa buƙatun biki da suna da asibiti.

Abinci, abin mamaki, shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin shawo kai. Ko da farashinsa ya yi tashin da ya haura kashi 19 cikin ɗari a shekara a Maris ɗin 2023, wanda ya iya girki zai rayu da shagunan Aldi da Lidl da kayan da ake karya wa farashi da yamma, kuma naman halal da doya da manja da attaruhu ba sa wuya a Peckham ko kasuwar Ridley Road ko Whitechapel. Saurayin da ya tashi a gidan da namiji ba ya shiga madafi shi ne zai ji jiki, domin abincin waje na kwana uku ya kai cefanen mako. Cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa gidaje, muddin ya kai takardar shaida, kuma manyan gidajen tarihi da Laburaren Birtaniya kyauta ake shiga. Sanyi ne ba shi da dabara. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, kuɗin gas da lantarki kuma sun yi tsalle tun 2022, saboda haka a gidan haɗaka kunna na'urar ɗumama ɗaki yakan zama abin rigima, kuma ɗakin da ba a ɗumamawa yakan yi danshi har bango ya yi funfuna.

Akwai wani abu kuma da ba ya shiga takardar lissafi, wato kunya. An raka mutum filin jirgi da addu'a, an sanar a dangi, wataƙila an sayar da kadara. Yaya zai buga waya bayan wata uku ya ce abin ya gagara? Sai ya tura hoto a gaban Big Ben, ya ce lafiya lau. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, amma a wannan hali yakan jinkirta neman taimako har lokacin da taimakon ba zai yi amfani ba. Yawancin jami'o'i suna da asusun agaji na ɗaliban da suka shiga matsi, suna da masu ba da shawara a kan biza da haya, kuma sashen kuɗi ya fi sauraron wanda ya zo kafin ranar biya ta wuce a kan wanda aka nema aka rasa. Masallatai irin na Gabashin Landan da ke Whitechapel, da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, da na 'yan Arewa mazauna Birtaniya, su ne suka fi kusa da matsayin zangon da, domin ta nan ake jin labarin ɗakin da zai fita da shagon da yake neman ma'aikaci, kuma a watan azumi buɗa-baki a masallaci ya rufa wa ɗalibai da yawa asiri. Sai dai zumunci yana iya nuna hanya ya ciyar da mutum dare ɗaya, ba ya iya biyan hayar wata shida.

Ban ce kada a je Landan ba. Akwai fannonin da zama a cikinta yake da riba ta gaske, kamar harkar kuɗi da shari'a da lafiyar al'umma da nazarin Afirka, kuma guraben aikin wucin gadi sun fi yawa a can fiye da ƙananan garuruwa. Amma ga wanda karatun da yake so ana yin irinsa a Sheffield ko Leicester ko Bradford ko Glasgow, bambancin haya kaɗai a shekara yana iya kai dubban fam, kuma a irin waɗannan garuruwa ana iya zama kusa da makaranta a tafi da ƙafa, wato a tsira da kuɗin da lokacin gaba ɗaya. Tambayar da ta kamaci iyali su yi kafin a sayar da fili ita ce nawa za a kashe daga ranar neman biza zuwa ƙarshen wata na uku idan yaron bai sami aikin ko awa ɗaya ba, kuma idan naira ta sake faɗuwa a tsakani. Sa'an nan a tuna cewa akwai wata ƙofar a ƙarshe. Da yawa suna tafiya ne da niyyar su zauna bayan karatu su yi aiki su mayar da abin da aka kashe, ta hanyar bizar masu kammala digiri da aka buɗe a Yulin 2021, wadda take ba da shekara biyu, kuma gwamnati ta sanar a Mayun 2025 cewa za ta rage ta zuwa wata 18. Ita ma a dunƙule ake biyanta: kuɗin nema fam 880 a farashin 2025, da harajin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, wato kusan fam 3,000 na shekara biyu. Lokacin biyan kuwa yana zuwa ne bayan an miƙa kundin bincike, daidai sa'ad da yarjejeniyar ɗakin makaranta ta ƙare, ake neman sabon kuɗin ajiya, kuma rangwamen katin Oyster da yafiyar harajin gida duk sun tafi tare da sunan ɗalibi.